Salatar Tunis a Moshi Zongo

Duk wanda ya zauna a Moshi Zongo a shekarun da Turawa suke tattara komatsansu ya san Mutaru. In bai san fuskarsa ba, ya san muryarsa. Faransawa ne suka kwashe shi soja yana saurayi daga ƙauyensu na ƙasar Mosi, suka kai shi Tunis, da suka gama da shi suka sallamo shi da tsohuwar kwat mai maɓallan ƙarfe da 'yan kalmomin Faransanci da ba za su cika tafin hannu ba. Ya gangaro Tamale, ya samu gadi a shagon wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa, ya kama ɗaki. Tun daga ranar Tunis ba ta sake hutawa a bakinsa ba. In aka yi ruwan sama, na Tunis ya fi jiƙa mutum. In jaki ya yi kuka, jakin Tunis ya fi shi murya, kuma cikin ladabi yake yi.

Mutum ɗaya ne ya san iyakar abin, wato Abukari tela, don tare aka kwashe su, tare aka dawo da su. Aikin Mutaru a Tunis fifita wuta ne a bayan gidan wani hafsa. Wata tsohuwar Balarabiya ce ke girki. Takan jera tattasai da tumatir da albasa da tafarnuwa a kan garwashi, Mutaru ya yi ta fifita har su yi baƙi ƙirin, sai ta kwashe a kwano ta rufe, ta shige ɗakin girki ta turo ƙofa, don ba a barin soja ya shiga. Can sai ya hango ta taga ana wucewa da faranti, an yi masa ado da ƙwai da kifi da 'ya'yan zaitun. Ya ga farkon abin, ya hangi ƙarshensa. Abin da ake yi a bayan ƙofar nan kuwa bai taɓa sani ba, bai kuma tambaya ba, don a ganinsa mutum irinsa ba ya tambaya.

Abu guda ne Mutaru bai taɓa ƙara wa gishiri ba, shi ne son da yake wa Lariba, wata bazawara mai sayar da shinkafa da wake a bakin tashar mota. Yana sonta sosai, ita ma ba ta ƙi shi ba, don yana ba ta dariya. Matsalar ita ce uwarta, Mma Azeta, tsohuwa mai raunin ƙirji da kaifin harshe, wadda katanga ɗaya ce ta raba gidanta da ɗakin Mutaru. Da ya tura manya da goron neman aure, sai ta mayar da goron ko buɗewa ba ta yi ba.

"Ku gaya masa na ji bakinsa ta kan katanga har na gaji," in ji ta. "In ga hannunsa tukuna."

Ana cikin haka aka ce Gana za ta zama jamhuriya, abin da mutanen gari suke ce wa Ripablik. Mai unguwa ya tara jama'a a ƙofar gidansa, ya ce ranar za a yi walima bayan la'asar, kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa, tuwo ne, fura ce, ƙosai ne. Mutaru ya miƙe ya gyara kwat.

"Allah ya ba ka nasara, tuwo? Ranar Ripablik? Mutanen Tunis sun riga mu zama Ripablik, kuma ni na san abin da 'yan Ripablik suke ci. Salata mashwiya!"

"Wace irin aba ce kuma?" in ji mai unguwa.

"Kayan miya ne, a gasa, a daka, a zuba mai, a ci da sanyi."

"Wato miyar da ba ta dahu ba," in ji Mma Azeta daga cikin mata.

"Haba Mma, ba miya ba ce. A can sarki ne ke cinta."

"Shi ya sa suka tuɓe shi," in ji Abukari.

Aka kwashe da dariya, amma Mutaru ya riga ya hau. Ya rantse shi kaɗai zai ciyar da Zongo, babba da yaro, kuma wadda ta ce tana son ganin hannu za ta gani har ta lashe yatsa.

Da yamma ya biya tasha, Lariba ta ja shi gefe. "Mutaru, rufin ɗakin Mma yoyo yake tun farkon damina. Ka hau ka gyara mata. Shi ke nan, ta ga hannunka."

"Rufi? Kowane sakarai yana gyara rufi. Ki bari kawai ki sha kallo."

"Kallon nake tsoro," in ji Lariba.

Jajibirin ranar ya shiga kasuwa da kwat ɗinsa. Irin manyan tattasan Tunis masu sanyin baki, babu su. Abin da ya tarar attaruhu ne, jajaye, kumburarru, irin wanda mace ke jefa ƙwaya ɗaya a tukunyar gida guda tana bismilla. Ya ce a ba shi kwando duka.

Mai barkonon, wata Badagomba mai suna Alimatu, ta dube shi sama da ƙasa. "Mba Mutaru, duka? Wannan barkono shi ba ya wasa fa. Wa ya yi maka laifi?"

"A Tunis irin wannan yara ke ci kamar gyaɗa."

Man zaitun kuwa, kwalba ɗaya ce a duk garin, 'yar ƙarama, kuma maigidansa Kwara ya kulle ta a akwati. Mutaru bai damu ba. Ya ce zaitun itace ne, kaɗanya ma itace ce, ya sayi man kaɗanya ƙwarya guda. Maimakon kifin gwangwani ya sayi banda ta Yeji, ya haɗa da ƙwan zabi. Da ya rasa 'ya'yan zaitun sai ya ga ɗinya, baƙaƙe, ƙanana, ya ce wala da ɗan Faransancinsa, ai ga su nan, sunan ne kawai ya bambanta.

Saura wurin gashi. Ya dubi kurfoti, ɗan murhun gawayi, ya ga ya yi wa Ripablik kaɗan. Sai ya je wajen Abukari aron gadon ƙarfe.

"Baƙo ka yi?"

"Babban baƙo."

Abukari bai san gadonsa za a ɗora a kan wuta ba sai washegari da hantsi, lokacin da ya leƙo ya tarar Mutaru ya haƙa rami a gindin katanga, ya cika shi da gawayi, ya kwantar da gadon a kai, ya shimfiɗe wayar gadon da tumatir da albasa da tafarnuwa, sannan ya juye kwandon attaruhu gaba ɗaya.

"Gadona!"

"Gadonka ya shiga tarihi. Matsa, kana tare mini iska."

Ya ɗauki mafici. Nan kam a ba shi haƙƙinsa, Mutaru ya iya fifita. Garwashi ya yi ja, barkono ya fara tsartuwa yana fashewa, wani hayaƙi shuɗi-shuɗi ya taso. Iskar damina ta zo ta ɗauke shi, ta tsallakar da shi katanga, ta sauke shi a tsakar gidan Mma Azeta.

Kaji ne suka fara fita. Sai awaki suka biyo baya suna atishawa. Hayaƙin ya bi lungu, ya tarar da wanzami yana aske wa wani dattijo kai, wanzamin ya yi atishawa ɗaya ya yar da aska ya ruga, dattijon ya bi shi da rabin kai a aske yana kiran ya dawo ya ƙarasa. Makaɗan Dagomba da suka biyo hanya za su filin biki suka shiga hayaƙin da kiɗa, suka fito ta ɗaya gefen babu kiɗa, sai tari. Mata suka yi waje da goyo, kowa na tambayar kowa ina ke ci da wuta, ba mai iya ƙarasa magana.

To, a Zongo kowa ya san abin da ke sa a zuba barkono a wuta. In ana zargin akwai maye a unguwa, sai a turara, wanda tari ya fi kamawa shi ake kallo da gefen ido. Kuma a duk unguwar babu ƙirjin da ya kai na Mma Azeta rauni. Tarinta ya taso daga ƙuryar ɗaki, ya danne na kowa, har mutanen da ke tsaye a titi suka fara kallon juna.

Ta fito da muciya a hannu, ɗankwali a karkace, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ni? Ni za ka turara wa barkono? Don na mayar maka da goro sai ka mayar da ni mayya a idon duniya?"

"Mma, wallahi salata ce, a Tu..." Tari ya sarƙe shi. Ya durƙusa, ya dafa ƙasa, ya yi ta yi har kwat ɗin ta zame masa daga kafaɗa.

Abukari, da ya toshe hanci da ƙyallen ɗinki, ya nuna shi da yatsa. "Jama'a, in dai tari ne shaida, ga babban maye nan da mafici a hannu."

Dariya ta ɗan kwance abin, amma ba ta kwance fuskar Mma Azeta ba. Ta ce za su haɗu a ƙofar mai unguwa, ta juya. Lariba ta riƙe ta suka tafi gidan maƙwabta, ko kallon Mutaru ba ta yi ba, kuma wannan ya fi hayaƙin yi masa ciwo.

Mai hankali da nan ya tsaya. Mutaru kuwa cewa ya yi ai ko a Tunis haka ake fara ta. Ya kwashe kayan daga kan gadon, wanda wayarsa ta riga ta lotsa ta zama kamar kwando. Ita tsohuwar Balarabiya, abin da take yi a bayan ƙofa shi ne ta ɓare baƙar fatar nan tas, ta cire 'ya'yan, ta bar tsokar kawai. Mutaru bai san da wannan ba. Ya zuba komai a turmin Lariba da ya aro tun jiya, da fata da 'ya'ya da toka, har da guntayen gawayin da suka maƙale. Babu macen da ta yarda ta taya shi, sai ya tuɓe kwat ya kama taɓarya da kansa. Dakan farko ruwan barkono ya fantsamo masa a ido. Ya ƙarasa dakan da ido ɗaya, mata na leƙe ta kan katanga suna ba shi shawarar yadda ake riƙe taɓarya.

Ya juye a babban daro, ya narka man kaɗanya ƙwarya guda ya kwarara, ya juya. Ya jera ƙwan zabi a kai, ya marmasa banda, ya watsa ɗinya. Gaskiya daga nesa abin ya yi kyau. Da yake ya san da sanyi ake ci, sai ya binne gindin daron a jiƙaƙƙen yashi kusa da randa, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Da azahar kuma aka yi ruwa, gari ya yi sanyi. Ko yarinyar da ba ta fara girki ba ta san abin da man kaɗanya ke yi in ya ji sanyi, amma ba wanda Mutaru ya tambaya.

Bayan la'asar ƙofar mai unguwa ta cika. An kafa tuta, an shimfiɗa tabarmi, ga akussan tuwo, ga ƙoren fura. Babban baƙo shi ne Ticha Yao, wani malamin makaranta daga kudu, da farar riga da taye, an ba shi kujera kusa da mai unguwa. Mma Azeta na gaban mata, ta harɗe hannu. Sai ga Mutaru da daro a ka, ido ɗaya a kumbure, maɓallan kwat na ƙyalli. Ya sauke a tsakiyar fili.

"Jama'a, ku ci a hankali, don ba ku saba ba. Ni a Tunis daro irin wannan ni kaɗai nake cinyewa a zama ɗaya. Wala!"

Ya yaye buhun, ya ɗauki ludayi ya kai. Ludayin ya ce ƙwas, ya rabe biyu. Ya karɓi cokalin ƙarfe, cokalin ya lanƙwashe. Salata ta daskare ta zama dutse, ƙwan zabi sun kafe a ciki suna kallon jama'a.

"Haka take a Tunis?" in ji mai unguwa.

"Ta manya haka take, Allah ya ba ka nasara. Ta talakawa ce mai ruwa-ruwa."

"A kawo guduma," in ji Abukari.

Adda aka kawo. Mutaru ya sara, wani ɓalli ya yi tsalle ya faɗa a cinyar Ticha Yao. Shi kuwa mutum ne mai kunya, ya ga ai an ba shi ne, sai ya ɗauka ya ce, "Domin Ripablik," ya jefa a baki. Man ya narke a harshensa, abin da ke ciki ya farka. Ticha Yao ya miƙe tsaye. Ya zauna. Ya sake miƙewa, ya kwance taye.

"Massa, wannan abinci shi na cizo! Ruwa! Ku ba ni ruwa!"

Bai jira ruwan ba, ya rarumi ƙwaryar furar mai unguwa ya kafa kai. Da ya ɗago, gashin bakinsa fari fat, harshensa baƙi ƙirin da gawayi, ya ce shi dai ya ji an ce zaman Ripablik sai an daure, amma bai zaci tun ranar farko ba.

Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Mun yi kuskure. A al'adarmu mai girki shi ke fara ci. Bismilla, Mutaru."

Mutaru ya dubi daro, ya dubi Lariba, ya dubi Mma Azeta. Ya saro guntu mai girman ƙwan kaza, don kada a ce ya ji tsoro, ya tura a baki. Ya tauna, gawayi ya yi ƙaras a haƙoransa. Gumi ya keto masa, hawaye suka zubo daga idon mai lafiya da kumburarren duka.

"Kuka kake?" in ji Abukari.

"Tunis... na tuna."

"Ƙara, ka tuna da kyau."

Bai ƙara ba. Ya zabura, ya tsallake akushin tuwo, ya ture makaɗi, ya tsoma kansa har wuya a cikin garwar ruwan wanke hannu. Jama'a suka yi ta dariya har wasu na riƙe ciki, dattijon nan mai rabin aski ya fi kowa.

Sai Mma Azeta ta miƙe. Ta tako har gaban daron, ta ƙwanƙwasa shi da muciyarta, ta jira Mutaru ya ɗago kai yana ɗigar ruwa.

"Na ce in ga hannunka, na gani. Duk Zongo ta gani, har awaki. Ka ce kai kaɗai kake cinye daro a zama ɗaya. Ni ba muguwa ba ce, ko da yake yau ka sa an yi mini kallon mayya. Ban ce zama ɗaya ba. Ɗauki abinka ka tafi da shi. Ranar da na ga gindin daron nan, ka turo goro."

Haka Mutaru ya koma da daro a ka, wannan karon ba mai jin muryarsa. Kullum da safe ya ɓanɓari kamar kan yatsa ya haɗiye da ruwa, ya wuni yana sintiri tsakanin ɗaki da bayan gida. Daron ko gezau. Abukari, wanda yanzu a tabarma yake kwana, ya leƙa ya ce in aka ci gaba a haka, ranar ɗaurin aure sai an riƙe amarya da ango saboda tsufa.

Wata safiya Lariba ta zo karɓar turminta. Ta tarar da shi zaune gaban daro, leɓe a kumbure, ya rame. Ta yi sallama ya amsa, bai ce komai game da Tunis ba. Shirun nan ya tsorata ta, tausayinsa ya kama ta.

"Lariba," in ji shi a hankali, "tsohuwar Balarabiyar da na ga tana yin salatar nan takan rufe ƙofa. Ban san abin da take yi a ciki ba."

"Na sani tun ranar da ka ce a ci da sanyi," in ji ta. "Miƙo addar."

Ta sari guntu ta ƙunshe a ganye ta tafi tasha. A kan shinkafa da wake mai zafi man kaɗanya ya narke, kuma ɗan mitsitsi a faranti guda sai ya ba da yaji da ƙanshin hayaƙi. Direban farko da ya ci ya share gumi ya ce a ƙara masa baƙin yajin nan. Kafin a jima direbobin Kumasi da na Bolga suna tsayawa musamman dominsa. Kullum Lariba ta biyo da ganye, kullum daro na raguwa, har ranar da ƙarfen gindinsa ya bayyana.

Mutaru ya sa kwat, ya ɗauki daron ya kai gaban Mma Azeta, Lariba na tsaye a gefe. Tsohuwa ta leƙa ciki, ta shafa da yatsa.

"Kai ka cinye?"

Mutaru ya cika ƙirji da iska. Tunis ta taso masa har maƙogwaro. Ya dubi Lariba, sai ya haɗiye.

"Ni da direbobi, Mma. Direbobin sun fi ni ci."

"Na sani. Sauran shinkafar da take kawo mini kullum, kana zaton ba ni da hanci?" Ta yi ɗan tari. "Yau ce rana ta farko da na ji bakinka ya yi daidai da hannunka. Turo goron. Amma rufina yana nan yana yoyo, kuma a gidan 'yata aikinka da wuta guda ɗaya ne." Ta jawo mafici daga ƙarƙashin tabarma ta miƙa masa.

An ɗaura aure kafin kaka. Daga nan duk wanda ya biya tashar mota zai ga Mutaru a bayan rumfar Lariba, da kwat mai maɓallan ƙarfe, yana fifita kurfoti, yana gaya wa direbobi cewa a Tunis sai babban hafsa ake ba wa mafici. Lariba takan jera tumatir da albasa da 'yan ƙwayoyin attaruhu a kan garwashi, shi kuma ya yi ta fifita har su yi baƙi. Sai ta kwashe a kwano ta rufe, ta shige cikin rumfa, ta turo ƙofa.